Dillalin Amfanin Gona: Mudu a Hannu, Kunne a Ƙasashen Duniya

Duk wanda ya ratsa ƙasar noma ta arewacin Kano a ƙarshen damina, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, ko daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, zai ga cewa ƙasa a nan ba ta san hutu ba. Ƙauye na hango ƙauye, gona na jingine da gona, babu saura balle daji. A 'yar gonar da ya gada, manomi zai haɗa gero da dawa, ya ratsa wake a tsakaninsu, ya ware gefe guda ya yi gyaɗa ko riɗi, sa'an nan ya zagaye iyakarsa da yakuwa. Gero da dawa na rumbu ne, abincin iyali. Wake da riɗi da zoɓo kuwa su ne kuɗi. Da su ake biyan bashin taki, da su ake ɗinkin salla, da su ake kai 'ya ɗakin miji.

Sai dai farashin waɗannan kayan kuɗi ba a ƙauye ake yanke shi ba, sau da yawa ma ba a Kano ba. Wani jami'i a Burasel ko Tokiyo ko birnin Meziko ko Yamai zai sa hannu a takarda yau, kafin kasuwa ta ci sau biyu buhun da ke sito ya faɗi ko ya tashi. Tsakanin waccan takarda da wannan manomi akwai mutum guda, shi ne dillalin amfanin gona. A da jarinsa uku ne: gaskiya, sanin kaya, da sanin mutane. Yau an ƙara masa na huɗu, wato sanin dokokin ƙasashen da kaya ke zuwa, da bin sawunsu duk lokacin da suka sauya.

Daga mudu zuwa kwantena

Sana'ar daga ƙasa take farawa. Ranar kasuwar ƙauye, ko ranar Lahadi a Ɗambatta, manomi zai kawo rabin buhu a bayan babur, uwargida ta aiko yarinya da 'yan mudu na zoɓon da ta ɓare da hannunta. 'Yan sari na tsaye suna aunawa tiya-tiya har buhu ya cika. Da yawansu ba da kuɗinsu suke saye ba. Yaran wani babban dillali ne da ke zaune a Dawanau, shi ya ba su kuɗi da safe, ya kuma faɗa musu farashin da ba za su wuce ba. Da yamma a loda kaya a mota, su kwana a sito.

Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ita ce mahaɗar wannan ciniki, kuma ana lissafa ta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. A nan ake bakace riɗi a tankaɗe shi, a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi. A nan mata ke zama suna tsince zoɓo. A nan kuma baƙi ke sauka: mutanen Nijar da Cadi da Kamaru, da wakilan kamfanoni masu cika kwantena su tura tashar jirgin ruwa ta Legas. Dillali ne ke haɗa mai kaya da baƙo. Shi zai nemo kaya, ya tsaya a yi ciniki. In mai kaya ya ce "albarka" ya lallashe shi, in ya sallama ya tsaya a auna a biya, sa'an nan ya karɓi la'adarsa a kan kowane buhu. In kaya ya fita da aibi shi za a nema, don shi baƙo ya sani.

Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Yaro kan fara da sharar rumfar ubangidansa da riƙe bakin buhu. A hankali ya iya ɗinki da ƙirga da karanta sikeli. Ya koyi cusa hannu can cikin buhu don ya gane ko na ƙasa ɗaya yake da na sama. Ya tauna riɗi ya san ko ya bushe, ya sansana wake ya gane an zuba masa magani, ya dubi launin zoɓo ya faɗi na bana ne ko ya shekara. Sai ubangida ya gamsu da idonsa da amanarsa kafin ya danƙa masa kuɗi ya tura shi ƙauye. Wannan ilimi yana nan daram, bai tsufa ba. Abin da ya ƙaru shi ne, yanzu akwai aibin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai na'urar ɗakin gwaji a wata ƙasa, kuma dokar ƙasar ce ta yanke inda aibin ya fara.

Gadon madugu

Bin sawun dokar ƙasar wasu ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar Kano. Fataken goro na ƙarni na 19, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, watanni suke shafewa a hanyar Gwanja, suna ratsa ƙasashen sarakuna iri-iri kafin su isa Salaga. Dukiya kaɗai ba ta sa mutum ya zama madugu. Dole ya san wane sarki ke karɓar fito, nawa yake karɓa, wa ya rasu aka naɗa sabo mai sabon sharaɗi, wace hanya yaƙi ya toshe. Shi ke shiga gaban sarki ya daidaita abin da ayari zai biya. Madugun da labari ya wuce shi, ayari duka ke ɗaukar asarar rashin saninsa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta karɓe kasuwa. Manoman karkarar Kano suka rungume ta, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu saye. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke yanke farashin kaka, ita ke ba da lasin saye, ma'aikatan gwamnati kuma su duba kaya su ba shi daraja. Dillalin wancan zamani doka ɗaya yake saurare, daga baki ɗaya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Tun daga nan kowa ya nemi mai sayensa, kowane mai saye kuma ya zo da dokar ƙasarsu.

Dokar mai ci

Doka ta farko da dillali ke bi ita ce ta ƙasar da za a ci kayan. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dikulobos a jikinsa, maganin nan da muka fi sani da fiya-fiya. Dokarsu ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda ba, a wasu kayanmu kuwa an samu har 4.6. Da farko shekara guda aka ce, a 2016 aka ƙara uku, daga baya aka sake ƙarawa. Dalilin zuba maganin sananne ne. Ƙwaro na iya cinye buhun wake cikin 'yan watanni, mai kaya kuwa so yake ya ajiye har bazara, lokacin da farashi ke tashi. Amma akwai hanya mai tsafta. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, kuma ake yin sa a nan Kano, da rashin iska yake kashe ƙwaro, ba ɗigon magani. Dillalin da ya fahimci dokar Turai ya fahimci abin da ya fi ta nauyi: waken da Bature ya ƙi, mu ne muke dafa shi mu ba 'ya'yanmu.

Gyaɗa kuma tata matsalar fumfuna ce. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Burazil. Bincike ya gano gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa ko masarar da ba ta bushe sosai ba. Daga nan kowace ƙasa ta sa nata ma'auni. A gyaɗar da za a ci kai tsaye, Tarayyar Turai ba ta yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba, Amurka kuwa ta tsaya a 20. Ke nan buhu guda zai iya shiga wannan tasha lafiya lau, a kore shi daga waccan. Shi ya sa gogaggen dillali ba ya gaggawar cewa kaya ya yi, sai ya tambaya: "Alhaji, ina za shi?"

Riɗinmu Japan da Sin da Turkiyya na cikin manyan masu sayensa. Tun watan Mayu na 2006 Japan ke aiki da tsarin da ya ce duk maganin ƙwarin da ba a yanke masa iyaka ta musamman ba, kada ya wuce kashi 0.01 cikin miliyan. Adadin ƙanƙane ne ƙwarai, har ba sai an fesa wa riɗin kansa magani ba. Zuba shi a tsohon buhun da ya taɓa ɗaukar wake mai fiya-fiya na iya ɓata shi. Turai kuma ta sa riɗin Najeriya cikin kayan da ake tsananta wa bincike saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke shiga ta kashin tsuntsu da na ɓera da na dabba, musamman in an kakkaɓe riɗi a ƙasa ba shimfiɗa. Saboda haka dillalin yau yake yi wa manomi maganar tamfol da sabon buhu, abin da ubangidansa bai taɓa kula da shi ba.

Zoɓo ne ya fi nuna yadda ƙofa guda ke iya riƙe arziƙin dubban gidaje. Mutanen Meziko suna shan zoɓo sosai, su ne kuma suka fi kowa sayen namu. A 2017 an tura musu kwantena kusan 2,000, cinikin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 35. Sai aka samu wani ƙwaron sito mai suna kafra a cikin wasu kaya, ƙwaron da ƙasashe da yawa ke tsoro don wuyar kashewa da ɓarnar da yake yi wa hatsi. Ciniki ya tsaya shekaru. Bai dawo ba sai da hukumar killace amfanin gona ta Najeriya, NAQS, ta cim ma yarjejeniya da takwararta ta Meziko, bisa sharaɗin a turara kowane kaya da magani a ɗakunan da aka amince da su kafin a loda. Matar da ta ɓare zoɓonta a Makoɗa ba ta taɓa jin sunan wannan ƙwaro ba, amma ta ji shi a kuɗin mudunta.

Dokar maƙwabci

Doka ta biyu ta maƙwabta ce. Daga Ɗambatta, in ka bi ta Kazaure da Daura ka fita Kwangwalam, ka shiga Nijar ke nan, hanyar Damagaram. Jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, ana auratayya, amma gwamnati biyu ce, kuɗi biyu, doka biyu. Wake da riɗi da dabbobi na gangarowa daga can, masara da dawa na hawa daga nan. Tsarin ECOWAS na sassauta ciniki, tun 1979, ya yafe wa ɗanyen amfanin gona kuɗin fito tsakanin ƙasashen ƙungiyar.

Tun daga 2019 wannan iyaka ta sha rufewa da buɗewa. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, makonni kaɗan bayan ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. Ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, ciki har da Maigatari da Illela. Jibiya sai a watan Afrilu na 2022. Ba a jima ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufewa da motoci cike da kaya a bakinta. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangare ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ranar 22 ga wata. Tsakanin ranar farko da ta ƙarshe kusan wata guda ne. Wanda ya loda mota don kawai ya ji an ce "an ɗage" zai iske ƙofa a garƙame.

A watan Oktoba na 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata. A watan Maris suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigo musu daga waje, a watan Mayu kuma Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai taɓa aljihun wani a kasuwannin arewacin Kano ba, kuma da Faransanci aka fitar da takardunsu.

Dokar gida

Ta uku, wadda ta fi zuwa ba zato, ita ce ta gida. Akwai doka tun 1989, zamanin soja, da ta haramta fitar da wake da masara da shinkafa da rogo da doya daga Najeriya. Ta daɗe a kwance, har gwamnatin tarayya da kanta ta yi bikin tura doya Ingila da Amurka a 2017. Da tsadar abinci ta tsananta a farkon 2024 sai kwastam ta tashe ta, ta shiga tare motocin hatsi masu nufar iyaka, shugabanta Bashir Adewale Adeniyi ya zo Dawanau da kansa ya ja kunnen 'yan kasuwa. A watan Fabrairu na shekarar, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a yankin kasuwar bisa zargin ɓoye abinci, daga baya aka buɗe su. Dillali ya koyi cewa dokar da aka daina aiki da ita ba ta mutu ba muddin ba a soke ta ba.

A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Wanda ya cika sito yana jiran farashi ya hau, da shi ake wannan magana ko ya sani ko bai sani ba. A watan Agusta na 2025 mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya sanar da hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida, farashinta ya zube cikin kwanaki, matan karkara masu tsintarta suka fara ɗanɗanawa.

Haka dokar kuɗi. Canjin takardun naira na ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya tsayar da kasuwannin ƙauye, inda manomi ba ya sallama kaya sai ya ga kuɗi a hannu. Da aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni na 2023, riɗi da zoɓo suka ƙara bin sawun dala, har dillali kan tambayi farashin dala a kasuwar canjin kuɗi ta Wapa kafin ya faɗa wa yaransa nawa za su auna. Mai fitar da kaya kuma yana da nasa tarin takardu: rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, cika fom ɗin NXP ta hannun banki, biyan kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin duba kaya, karɓar shaidar lafiyar tsiro daga NAQS, da dawo da kuɗin cinikin gida cikin kwana 180. Dillali ba shi ke cika waɗannan ba, amma duk jinkiri da duk ƙarin kuɗin da suka jawo, a kan mudun manomi yake sauka.

Yadda ake bin sawu

To ta yaya mutumin da wataƙila a allo ya tsaya, ko ya yi 'yar firamare, yake riƙe duk wannan? Da kunnuwa da yawa. Na farko rediyo. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, ga na Jamus da na Faransa, ga gidajen rediyon Kano. Labarin juyin mulki ko takunkumi da dillali ya ji da asuba, lissafin buhu yake yi da shi kafin hantsi. Na biyu direban tirela. Wanda ya ƙetaro iyaka daren jiya shi ya san abin da jami'ai ke tambaya a yau, ko mene ne aka rubuta a takarda. Na uku ejan ɗin da ke tashar Legas, wanda ke ganin kwantenar da aka tare da dalilin tare ta. Na huɗu baƙon kansa: in mai saye ya zo da sabon sharaɗi, ya ce sai an kai samfur gwaji ko sai sabon buhu, to wani abu ya motsa a ƙasarsu. Sa'an nan ga ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau da ƙungiyoyin masu fitar da riɗi da zoɓo, ga saƙonnin murya na WhatsApp da ke yawo tsakanin rumfuna.

Jin labari ba shi ne gwaninta ba, tace shi ne gwaninta. Tambaya huɗu gogaggen dillali ke yi. Wa ya faɗa, hukuma ce ko jita-jita? Magana ce kawai, ko an sa hannu? Yaushe za ta fara aiki, kuma ta shafi kayan da ya riga ya hau hanya? Wa zai aiwatar da ita, kuma ya fara? Dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2023 misali ce mai kyau. Ta ce waken suya da koko da wasu kaya ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna ainihin gonar da aka noma su, an kuma tabbatar ba daji aka sare bayan ƙarshen 2020 aka yi ta ba. An sa hannu, an sa mata ranar farawa a ƙarshen 2024, sai aka ɗaga. Wanda ya ɗauka ta fara ya firgita a banza, wanda ya ɗauka an fasa ya yaudari kansa.

Dokar ƙasar waje kamar hadari take, mai lura yana ganin haɗuwarta kafin ta zubo. Ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tanadi cewa ƙasa ta sanar da sauran ƙasashe kafin ta sauya sharaɗin lafiyar abinci, galibi a ba da kwana 60 don jin ra'ayi. Tarayyar Turai kuma tana wallafa duk kayan abincin da aka tare a tasoshinta, da ƙasar da ya fito da dalili. Duk wannan a fili yake, kyauta. Matsalar ita ce da Turanci yake, Turancin ma na lauyoyi da masana sinadarai. Shi ya sa manyan dillalai ke jawo ɗa ko ƙane da ya yi jami'a kusa da su, shi ya karanta, su su auna da gogewarsu.

Amanar mai fara ji

A nan nauyin sana'ar yake. Dillali na jin labari kwanaki kafin ya isa ƙauye, kuma cikin waɗannan kwanaki akwai kuɗi mai yawa. In ya ji ƙofar Meziko za ta buɗe, zai iya tura yaransa su kwashe zoɓo a farashin jiya. In ya so, zai iya yaɗa cewa an rufe iyaka don masu kaya su firgita su zubar. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayani a kan hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi na tarar masu kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi. Hikimar hanin a bayyane take: kada a ci dukiyar mutum ta hanyar rashin saninsa. Neman riba halal ne, saurin jin labari ma ƙoƙarin mutum ne. Amma ƙirƙirar labarin ƙarya don a karya farashi ha'inci ne, ɗaya yake da algus da tauye mudu.

Ha'incin ma ba ya biya. Buhu guda mai magani da aka cusa cikin kwantena zai sa a dawo da ita duka. In abin ya yawaita, ƙasa sukutum ake rufe wa ƙofa, mai laifi da marar laifi su zauna tare, kamar yadda ya faru da wake da zoɓo.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Hukumomin NAQS da NEPC da hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, su riƙa fassara sharuɗɗan manyan masu saye zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta su a rediyo kafin shuka, domin bayan girbi an makara. A samar da ɗakin gwaji da ƙasashen waje suka amince da shi kusa da Dawanau, don a gano aibi kafin kaya ya bar Kano. Gwamnati in za ta hana fitar da wani kaya ko ta buɗe ƙofar shigo da wani, ta ba da wa'adi, kada manomi ya shuka a kan wata doka ya girbe a kan wata. Ƙungiyoyin kasuwa su ɗauki mutum guda da aikinsa ke nan, bin dokokin ƙasashen da muke ciniki da su. Matasanmu da suka karanta shari'a ko aikin gona ko Faransanci, suna zaune suna jiran aikin ofis, su sani ga sana'a nan tana neman mai ita.

Kai kuma dillali, Allah ya ɗora ka a inda labari ke fara sauka. Abin da ka ji da safe a Dawanau, ka isar da shi ƙauye yadda yake. Manomin da ka gaya wa gaskiya bana shi zai kawo maka tsaftataccen kaya baɗi, kuma tsaftataccen kaya ne kaɗai ke ƙetare dokar kowace ƙasa.